Gidajen da Doka ta Ɗaure Farashinsu a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda 'yan'uwa mazauna Amurka suka haɗu, bayan sallar Juma'a ne ko wajen suna, hira ba ta nisa sai ta faɗa kan kuɗin haya. Wani zai ce maƙwabcinsa na biyan rabin abin da yake biya alhali benensu ɗaya, wani ya ce ya ji ana sayar da gida da araha amma wai ba a barin mutum ya sayar yadda yake so. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan dawowa. Doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha, har daga gini zuwa gini, don haka takardar da kuka sa wa hannu ita ce ke da maganar ƙarshe.

1. Me ake nufi da gida mai sharaɗin araha?

Gida ne da aka rubuta masa sharaɗi a takardar mallakarsa, ko a wata yarjejeniya da aka yi wa rajista a ofishin filaye na gunduma, cewa ba za a ba da shi haya ko a sayar da shi sama da wani farashi ba, kuma ba za a ba kowa ba sai mai ƙaramin ƙarfi. Abin da ya kamata a riƙe shi ne sharaɗin yana manne da gidan, ba da mutumin da ya sa hannu ba. Ko an sayar da ginin sau uku, wanda ya saya ya saya har da sharaɗin, sai wa'adinsa ya cika.

Wannan makami yana da tarihi mai ɗaci. Da irin wannan sharaɗi na takardar gida aka daɗe ana hana baƙar fata da Yahudawa sayen gidaje a unguwanni da dama, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a 1948, a shari'ar Shelley da Kraemer, cewa kotuna ba za su tilasta shi ba, sannan dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta haramta shi gaba ɗaya. Ƙofar da aka rufe wa mutane da ita a da, yau da ita ake tsare musu wuri.

2. Me zai sa mai gini ya yarda a ɗaure masa hannu?

Saboda an ba shi wani abu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hanya mafi girma ita ce rangwamen haraji da ake kira LIHTC, wanda Majalisar Dokokin Amurka ta ƙirƙira cikin dokar gyaran haraji ta 1986. Gwamnatin tarayya na ba kowace jiha kasonta na rangwamen, hukumar gidaje ta jihar ta raba wa kamfanonin gini, su kuma su sayar wa masu zuba jari, galibi bankuna, waɗanda ke cire shi daga harajinsu cikin shekara 10. Da kuɗin da aka samu ake rage bashin ginin, shi ya sa haya ke iya sauka. Gidaje fiye da miliyan 3 aka gina ko aka gyara ta wannan hanya.

Hanya ta biyu ta izinin gini ce. Gundumar Montgomery a jihar Maryland tun 1974 take tilasta wa masu manyan gine-gine su ware kashi 12.5 zuwa 15 cikin ɗari na gidajen don masu matsakaicin ƙarfi. A Massachusetts, dokar da ake kira 40B, ta 1969, tana ba mai gini damar tsallake wasu ƙa'idojin gari idan gidajen araha na garin ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba, muddin ya ware kashi 20 zuwa 25 na nasa. Birnin New York ya kafa irin wannan tilas ɗin a 2016 ga unguwannin da aka ƙara wa izinin tsawon bene. Akwai kuma masu samun filin gwamnati da rahusa ko bashi mai sauƙi.

3. Kullum ina ganin "kashi 60 na AMI". Mene ne shi?

AMI shi ne kuɗin shigar iyalin da ke tsakiya a yankinku: idan aka jera iyalai daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, na tsakiyar layin ke nan. Ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ke fitar da shi kowace shekara ga kowane yanki, tare da daidaita shi da yawan mutanen gida. Ana ɗaukar iyali mai mutum huɗu a matsayin ma'auni: mutum ɗaya kashi 70 na wannan adadi, biyu kashi 80, uku kashi 90, biyar kashi 108.

A ƙa'idar LIHTC mai gini yana zaɓar ɗaya cikin uku: ya ware aƙalla kashi 20 na gidajen ga waɗanda samunsu bai wuce kashi 50 na AMI ba, ko kashi 40 ga waɗanda bai wuce kashi 60 ba, ko kuma, tun 2018, ya gauraya masu samu daga kashi 20 zuwa 80 ta yadda matsakaicin ba zai wuce 60 ba.

Ga inda abin ke ciwo. Ana auna AMI da yanki mai faɗi, har da unguwannin masu hali. Saboda haka gidan da aka kira mai araha a Bronx, wani yanki na birnin New York, yana iya fin ƙarfin mutanen layin da aka gina shi. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma masu yinsa ba butulci suke yi ba.

4. Yaya ake lissafa kuɗin hayar?

A gidajen LIHTC ba da abin da ke aljihunku ake lissafi ba, da iyakar da aka sa wa gidan ake yi. Ana ɗauka cewa kowane ɗakin kwana na mutum ɗaya da rabi ne, sai a ɗauki kashi 30 na iyakar samun wannan adadi. Mu ƙaddara AMI na yankinku dala 100,000 ne ga mutum huɗu, gidan kuma na kashi 60 ne mai ɗakin kwana biyu. Ɗaki biyu mutum uku ke nan, iyakarsu dala 54,000. Kashi 30 na wannan dala 16,200 ne a shekara, wato 1,350 a wata. Idan ku ke biyan wuta ko gas, dole a rage wani adadi daga ciki.

Ma'anar wannan ita ce idan aiki ya tsaya, hayar ba ta sauka. Haka nan idan HUD ta ɗaga AMI, mai gida na iya ɗaga haya ko da albashinku bai motsa ba. Wanda ke bin aljihun mutum shi ne na tambaya ta 5.

5. Ba shi ne Sashe na 8 ba?

A'a. Sashe na 8, wanda aka kafa a 1974, tallafi ne: ɗan haya yana biyan kusan kashi 30 na samunsa, gwamnati ta cike sauran. Idan takardar tallafin a hannunku take, kuna iya tashi da ita zuwa wani gida. Sharaɗin araha kuwa yana zaune a kan gini, in kun tashi kun bar shi ga mai zuwa. Ana iya haɗa biyun, kuma doka ta hana mai ginin LIHTC ƙin mutum don kawai yana riƙe da takardar Sashe na 8. Gidajen gwamnati na hukumar birni, irin na NYCHA a New York, su ma wani abu ne daban, domin can gwamnati ce mai gidan.

6. Dokar daidaita haya ta New York fa?

Ita ba ta tambayar nawa kuke samu. Ta shafi galibin gine-gine masu gida shida ko fiye da aka gina kafin 1974, da wasu sababbi da suka karɓi rangwamen haraji, kusan gidaje miliyan 1 a birnin. Wani kwamiti mai mutum tara da magajin gari ke naɗawa ne ke yanke yawan ƙarin da za a yi kowace shekara, kuma ɗan haya na da haƙƙin a sabunta masa yarjejeniya. Kafin 2019 masu gidaje na iya fitar da gida daga tsarin idan haya ta kai wani mataki kuma ɗan haya ya tashi. Dokar jihar ta wannan shekara ta toshe wannan kafa.

Mutane da yawa na zaune a irin waɗannan gidaje ba su sani ba. Kuna da haƙƙin neman tarihin hayar gidanku daga hukumar gidaje ta jiha, kyauta. A sauran ƙasar abin ba haka yake ba: jihohi fiye da 30 sun hana biranensu yin irin wannan doka. Oregon da Kalifoniya sun sa iyakar ƙarin haya a duk faɗin jiha a 2019.

7. Ta yaya ake nema? Wani ya ce in ba shi kuɗi ya shigar da ni.

Kada ku ba shi ko sisi. A New York ta shafin Housing Connect ake nema, kyauta, kuma ƙuri'a ce ke ba kowa lambarsa. A wasu garuruwan ofishin ginin ne ke riƙe da jerin masu jira. Babu dillalin da ke da ikon matsar da suna gaba, kuma shigar da takarda sau biyu a gini ɗaya na iya sa a soke duka. Ku nemi gine-gine da yawa, ku sabunta lambar waya da adireshi, domin wasiƙar kira tana zuwa da gajeren wa'adi.

8. Ni direba ne, matata na kitso, muna kuma adashi. Yaya za a auna samunmu?

Wannan ce tambayar da ta fi kayar da mutanenmu. Mai sana'ar kansa ana duba abin da ya rage masa bayan cire kuɗin gudanar da sana'ar, kuma babbar shaida ita ce takardun harajin shekarun baya. Wanda ya saba rubuta ɗan kaɗan don gudun haraji sai ya tarar samunsa bai kai mafi ƙarancin da ginin ke buƙata ba, domin yawancinsu na da iyaka ta ƙasa kamar yadda suke da ta sama. Wanda kuma ya ɓoye wani samu, bayanan banki za su tona shi.

Za a ƙirga samun duk wani baligi da zai zauna a gidan, har da kuɗin da wani ke aiko muku a kai a kai. Adashi ba samu ba ne, kuɗinku ne ya dawo, amma ma'aikacin da ya ga dala dubu takwas ta faɗo asusu rana ɗaya bai san uwar adashi ba. Ku tanadi rubutaccen bayani da jerin zubin da kuka yi kafin a tambaya. Ku sani kuma cewa a LIHTC gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci bai cancanta ba, sai a wasu keɓantattun halaye kamar ma'auratan da ke cike takardar haraji tare.

9. Ina da gida a Kano, ko fili a Maraɗi. Sai na faɗa?

Sai kun faɗa. Takardun na tambayar dukiya a ko'ina take, kuma kuna sa hannu cewa abin da kuka rubuta gaskiya ne. Sau da yawa faɗin ba ya hana komai, ana dai ƙiyasta darajarta ne a ƙara ɗan abin da ake ganin tana kawowa a kan samunku. Ɓoyewar ce ke jawo kora daga baya. Idan gidan gado ne da ba a raba ba, ku bayyana kasonku kawai, da cewa ba ku da ikon sayarwa ku kaɗai. Shirye-shiryen sayen gida sun fi tsanani, domin da yawansu na masu sayen gidan farko ne.

10. Idan Allah ya buɗa min bayan na shiga, za a kore ni?

A gidajen LIHTC, a'a. Ana duba cancanta ne ranar shiga. Idan samunku ya haura kashi 140 na iyakar, nauyin yana kan mai gida: gida na gaba mai irin girman naku da ya zama fanko dole ya ba mai ƙaramin ƙarfi. Ba a kuma korar ɗan haya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Wasu tsare-tsaren, kamar Mitchell-Lama, tsarin gidajen masu matsakaicin ƙarfi na New York, suna ƙara wa wanda ya wuce iyaka wani abu a kan haya. Wanda ya sayi gida kuwa, ba a sake auna samunsa. Kada tsoron wannan ya hana kowa karɓar ƙarin girma a wurin aiki.

11. Zan je gida wata biyar. Zan iya barin ƙanena a ciki, ya riƙa biyan haya?

Kusan duk waɗannan tsare-tsare na buƙatar gidan ya zama mazauninku na ainihi, kuma suna hana ba wani haya ba da izini ba. A Sashe na 8 ba a yarda iyali duka su bar gida fiye da kwana 180 a jere ba, wasu hukumomin ma sun rage. A gidajen da ke ƙarƙashin dokar tambaya ta 6, zaman ƙasa da kwana 183 a shekara na cikin abin da kotu ke dubawa.

Na san yadda wannan ke da nauyi a wurinmu. Baƙo ya sauka daga jirgi ba a ce masa babu wuri, kuma jinyar mahaifi ba ta da ranar ƙarewa. Amma hanyar da ta fi tsaro ita ce ku rubuta wa ofis kafin tafiya, ku kuma nemi a ƙara sunan duk wanda zai daɗe a gidan. Saka gidan a Airbnb kuwa hanya ce ta rasa shi da sauri.

12. Ana sayen irin waɗannan gidaje, ko haya ce kawai?

Ana saye. Tsarin da ya fi ƙarko shi ne na ƙungiyar riƙon amanar fili. Ƙungiya ce da ba ta neman riba, tana mallakar ƙasar har abada, ku kuma ku sayi ginin da ke kai, ta ba ku hayar filin na shekara 99 da ake sabuntawa, kuna biyan ɗan kuɗi kaɗan a wata. Wanda ya san takardar mallakar fili a Najeriya, inda tun dokar 1978 ƙasa ke hannun gwamna a matsayin amana ana ba mutum shekara 99, ba zai ga baƙon abu ba. Ta wata fuskar kuma ta yi kama da waƙafi: asalin ba ya sayuwa, amfanin ne ke zagayawa. A tsarin da aka fi bi, kashi ɗaya cikin uku na masu gudanarwa mazauna gidajen ne.

Asalin abin daga baƙar fatar jihohin kudu na ƙasar Amurka yake. A 1969 Charles Sherrod da matarsa Shirley, da Slater King da Robert Swann da wasu, suka kafa New Communities kusa da Albany a jihar Jojiya, domin manoman da ake kora daga gonaki saboda sun yi rajistar zaɓe. Sun riƙe eka kusan 5,700. Fari da nuna bambanci wajen ba da bashin gwamnati suka sa aka ƙwace filin a 1985, sai a 2009 aka yanke musu diyyar kusan dala miliyan 12, suka sayi wata gona. Mafi girma a yau ita ce Champlain Housing Trust a Vermont, wadda ta faro a Burlington a 1984 da tallafin dala 200,000 daga birnin, lokacin Bernie Sanders na magajin gari. A Boston ma mazauna unguwar Dudley sun kafa tasu a kan filayen da aka yi watsi da su.

13. Idan na tashi sayarwa, nawa zan samu?

Abin da ƙa'idar sake sayarwa ta ce, kuma a rubuce take tun ranar saye. Wasu na bin hauhawar AMI, wasu na ƙara wani kaso ƙayyadadde kowace shekara, wasu na raba ƙarin darajar kasuwa. A Champlain mai gida na ɗaukar kashi 25 na ƙarin. Misali mai sauƙi: gida na da darajar dala 200,000, tallafi ya ɗauke 50,000, kuka saya a 150,000. Bayan shekaru darajarsa ta kai 300,000. Ƙarin 100,000 ne, naku 25,000. Za a sayar a wajen 175,000, ku biya ragowar bashi, ku tafi da sauran. Iyalin da ke bayanku sun sami gidan 300,000 a kan 175,000 ba tare da gwamnati ta sake zuba ko kwabo ba.

Gyaran da ya ƙara wa gida daraja ana iya mayar muku da kuɗinsa, amma sau da yawa sai wanda aka amince da shi a rubuce kafin a fara. Ku ajiye kowane rasit. Ƙungiyar ce ke da haƙƙin fara saye, kuma ba a karɓar wani abu a bayan fage daga mai saye.

14. To wannan ba cuta ba ce? Maƙwabcina zai ci ribar duka.

Maƙwabcin ya biya cikakken farashi, ku an ɗauke muku wani kaso da kuɗin jama'a. Tambayar ita ce ko wannan kuɗi zai zama rabon iyali ɗaya da suka yi sa'a, ko zai zauna a gidan yana amfanar na biyu da na uku. Ni ina tare da na biyun, duk da na san abin da aka rasa ba ƙarami ba ne. Gida shi ne babbar hanyar tara dukiya a Amurka, kuma mutanen da aka daɗe ana hana su wannan hanya suna da hujja idan suka ce ba sa son rabin mallaka.

Amma a gwada shi da abin da yake a zahiri. Ga yawancin masu shiga wannan tsari, zaɓin ba tsakanin wannan gida da gidan kasuwa yake ba, tsakaninsa da ci gaba da haya ne, inda ba a fita da komai. Akwai kuma kariya: a ƙarshen 2010, lokacin da bankuna ke ƙwace gidaje ko'ina, wani bincike ya gano kashi 0.46 cikin ɗari na basussukan gidajen amanar fili ne ke kan hanyar ƙwacewa, alhali a kasuwa kashi 4.63 ne. Dalili shi ne ƙungiyar na tantance bashin tun farko, tana kuma shiga tsakani da zarar an fara makara. Wanda ke da ƙarfin sayen gidan kasuwa ba tare da ya shaƙe kansa ba, ya saya. Wannan tsari ba don shi aka yi ba.

15. 'Ya'yana za su gaji gidan?

Za su gada. A yarjejeniyar da yawancin ƙungiyoyin amana ke bi, mata ko miji, da 'ya'ya, da wanda ya zauna a gidan aƙalla shekara guda, suna iya ci gaba da zama ko da samunsu ya wuce iyaka. Sauran magada sai sun cancanta, in ba haka ba a sayar a ba su kuɗin. Sharaɗin dai na nan a kan magajin, kuma darajar da za a raba ita ce ta ƙa'idar tambaya ta 13, ba ta kasuwa ba. Gara a gaya wa iyali wannan tun ana raye, musamman waɗanda ke gida suna jin labarin farashin Amurka. Wanda ke son a raba gadonsa bisa shari'ar Musulunci sai ya rubuta wasiyya a hannun lauya, domin idan babu ita dokar jiha ce za ta yi rabon.

16. Ba na son bashi mai kuɗin ruwa. Akwai mafita?

Akwai kamfanonin da ke ba da kuɗin gida ta hanyar murabaha ko ijara ko haɗin gwiwar da kasonku ke ƙaruwa a hankali. Matsalar ita ce a irin waɗannan kamfanin kan shiga cikin mallaka, sharaɗin araha kuwa na iya cewa mazaunin gidan ne kaɗai zai mallaka. Ku haɗa ɓangarorin biyu su yi magana tun kafin ku biya kafin alƙalami. Habitat for Humanity, da aka kafa a 1976 a Jojiya, an san ta da bashi marar kuɗin ruwa, ko da yake yanzu ya danganta da reshe. Hukuncin addini kuwa na malamai ne, ku kai musu takardar su gani da idonsu.

17. Ina da katin zama, wani a gidana ba shi da takardu. Ya abin yake?

Sashe na 8 da gidajen gwamnati na 'yan ƙasa ne da wasu rukunan baƙi, ciki har da masu katin zama da 'yan gudun hijira. An daɗe ana rage tallafin gwargwadon waɗanda suka cancanta a gidan da ya gauraya, amma wannan ƙa'ida na shan jayayya a siyasa, don haka ku ga lauyan shige da fice kafin ku cike komai. Dokar LIHTC a karan kanta ba ta ɗora wannan sharaɗi ba, sai in an haɗa ginin da wani tallafin da ya ɗora.

18. Shin sharaɗin yana ƙarewa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, kuma ita ce ba a cika yi ba. Gine-ginen LIHTC na farko shekara 15 kawai aka ɗaure su. Daga 1990 aka ƙara wasu 15, ya zama 30, wasu jihohin kuma na neman fiye da haka, Kalifoniya shekara 55. Sai dai akwai ƙofar baya: bayan shekara ta 14 mai gini na iya neman hukumar jiha ta samo masa mai saye a kan farashin da doka ta tsara, in ba ta samo cikin shekara guda ba sharaɗin ya faɗi. Jihohi da yawa yanzu na sa masu gini su yafe wannan haƙƙi tun farko. Idan banki ya ƙwace ginin ma sharaɗin na iya faɗuwa. A waɗannan halaye biyu mazauna na da kariyar shekara 3 daga ƙarin haya da kora ba dalili.

New York ta riga ta ga yadda abin ke kasancewa. Tsarin Mitchell-Lama na 1955 ya samar da gidaje fiye da 100,000, amma an bar masu su su fice bayan shekara 20 idan sun biya bashinsu, kuma da unguwanni suka yi daraja dubban gidaje suka fice. Co-op City a Bronx, mai gida fiye da 15,000, na cikin waɗanda suka zauna. Gundumar Montgomery ta fara da gajeren wa'adi, ta ga gidajen na zubewa, ta mayar da shi shekara 30 ga na sayarwa, 99 ga na haya. Gine-ginen da aka yi a shekarun 1990 yanzu ne wa'adinsu ke cika ɗaya bayan ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tambayi ofis, a rubuce, ranar da sharaɗin gininku zai ƙare, ko ku duba yarjejeniyar a ofishin rajistar filaye, domin takarda ce ta jama'a. Idan saura shekara uku ko huɗu, lokacin ne na haɗa kan mazauna a je wa hukumar gidaje da kansila, tun ana iya samo ƙungiyar da za ta sayi ginin ko sabon tallafi da zai tsawaita wa'adin.

19. Na ji masana na cewa waɗannan dokoki na rage gina gidaje. Gaskiya ne?

Ya danganta da wace doka. Masu bincike na Jami'ar Stanford sun bi abin da ya faru bayan San Francisco ta faɗaɗa dokar ƙayyade haya a 1994: waɗanda ke ciki sun fi daɗewa a gidajensu, amma masu gidajen da abin ya shafa sun rage gidajen haya da kashi 15 cikin ɗari, haya kuma ta hau a sauran birnin. LIHTC da amanar fili daban suke, domin sharaɗin na zuwa ne tare da kuɗin da ya biya shi. Ainihin rauninsu shi ne ƙaranci, shi ya sa dubbai ke neman ginin da bai wuce gida ɗari ba. Sai an yi gini da yawa, sannan a ɗaure abin da kuɗin jama'a ya gina da igiya mai tsawo.

20. Ina zargin ana karɓar fiye da ƙa'ida. Wa zan kai wa?

Ku fara da gano wane tsari ne ke kan gidan, domin shi ke nuna mai sa ido: hukumar gidaje ta jiha ga LIHTC da dokar tambaya ta 6, ofishin gidaje na birni ko gunduma ga gidajen izinin gini, ƙungiyar amana ga nata. Ku lissafa iyakar kamar yadda aka nuna a tambaya ta 4, ku tara yarjejeniya da rasit, ku rubuta ƙorafi ku riƙe kwafi. Kada ku daina biyan haya sai lauya ya ce, domin hakan na ba mai gida hujjar kai ku kotu. Ofisoshin lauyoyi masu taimakon marasa ƙarfi kyauta suna nan a kowace jiha, kuma a birnin New York mai ƙaramin samu da ake neman kora yana da haƙƙin a ba shi lauya tun dokar 2017. Idan Turanci na ba ku wahala, ku nemi tafinta a kotu ko a hukumar, ku faɗi Hausa da sunanta.